Hatimin Ryohei

Daddawar miso ta shagon Baba ce ta haɗa su. Ƙanwata Kaho ta kai ta jami'a a duba mata ƙwayoyinta, ta tarar da Dakta Ryohei Minegishi, mai koya wa ƙwayoyin halitta lissafi irin na kwamfuta. Awa guda ya tsayar da ita yana bayani, ko kujera bai ba ta ba. Ta dawo gida tana murmushi. Ni da ke fama da goyo na ce wannan sai ya manta jariri a jirgin ƙasa.

Shekara guda suna tare kafin ya zo gaida Baba. Baba bai ƙi shi ba, sharaɗi ɗaya ya kafa. Dokar ƙasarmu ta ce sunan gida ɗaya miji da mata za su ɗauka, ni kuma na riga na tafi da na mijina. In Kaho ta bi sahuna, sunan gidanmu, Tsuruoka, ya mutu a kan shagon kakanninmu. Sai dai angon ya bar nasa. Akwai ma ɗan mai sayar da shinkafa da ke son Kaho, yana jiran a ce masa bismillah.

Ryohei kuwa takardun bincike arba'in ya wallafa da sunan Minegishi. Ya sunkuya, ya tafi. Sati uku shiru.

Kaho ta rame. Ta tura masa saƙo: "Sensei, malamina, in sunanka ya fi ni, faɗa min kawai."

Ya amsa: "Kaho-chan tawa, ina kan aiki."

Raina ya ɓaci. Na saɓi yarinyata na same shi a ofis.

"Malam, ƙanwata ba gwajin kwalba ba ce da za ka rufe ka manta."

Ya juyo da kwamfutarsa. Ashe wasiƙu yake ta rubuta wa mujallu da ofisoshin jami'a, ɗaya bayan ɗaya, kan yadda za a haɗa tsohon sunansa da sabon.

"Yaya, ban so in yi mata albishir ba sai na gama."

"To ka gama kashe ta tukuna!"

A watan Afrilu suka miƙa takardar aure a ofishin gunduma. Ryohei ya ciro sabon hatimin sa hannu mai sunan Tsuruoka, ya buga shi a karkace. Baba ya daɗe yana kallon jan tawadar.

"Ya yi, ɗana," ya ce. "Allah ya zaunar da ku lafiya."