Ajin Mushe Issouf

Ranar Laraba da hantsi aka kira komisariya: an sace kayen darussa, littafin rajistar koyarwa, na aji uku a wata lakwal ta Dagmanet. Sufeto Rabi'u ya tafi ba ɗoki ba fushi, shekara ashirin a aikin nan ta cinye masa duka biyun.

Darakta Hassane ya tare shi a ƙofar biro, ya ba da amsa tun ba a tambaye shi ba.

"Malama Souwaiba ce. Ita ke riga kowa zuwa."

Rabi'u ya duba kwaɗon. Ko ƙwarzane babu.

"Makulli nawa ne?"

"Ɗaya, yana wurina."

"To da addu'a ta buɗe?"

Darakta ya shiga gyaran hula.

Ya sami Souwaiba a runfar zana, yara sun fi ɗari sun cushe a gabanta. Shekara tara tana koyarwa a kwantiragi. Bana aka sa sunanta cikin waɗanda za a ba matirikil, lambar ma'aikacin dindindin, kuma Litinin masu binciken ilimi za su zo. Zargin sata ɗaya ya isa a goge sunan.

"Me ke cikin kayen?"

"Darasin kowace rana, da rubutun hannun wanda ya koyar."

"Wa ke da aji uku?"

"Mushe Issouf."

"Hannunsa ne a ciki?"

Ta dubi wajen biro, ta dubi ƙasa. "Ina da 'ya'ya, Sufeto."

Tausayinta ya so ya kama shi, bai samu wurin kamawa ba.

Aka kira Mushe Issouf. Ya zo cikin sabuwar shadda, ya miƙa hannu. Tafin duk kanta, faratan a farfashe.

"Alli ne ya yi maka haka?"

"Ina ɗan taɓa garka bayan an tashi."

"Kullum kana aji?"

"Shekara goma sha biyu ban yi fashi ba. Ni titilar ne, mai matirikil."

"Madalla. Kai ni ajinka."

Issouf ya shige gaba da ƙwarin gwiwa, ya zagaya bayan famfo, ya nufi katangar gabas. Nan ya tsaya cak. Fili ne fetal, sai guntayen dirkoki baƙi ƙirin.

"Tun bara waccan runfar ajin nan ta ƙone," Souwaiba ta ce daga baya, kamar mai faɗin kwanan wata. "Aka haɗa mini yaransa da nawa."

Issouf bai wahalar da kowa ba, nan take ya faɗi gaskiya. Shekara biyu yana Tchibarakaten yana haƙar zinariya, darakta surukinsa yana rufa masa asiri. Kayen kuwa rubutun Souwaiba ne daga farko har ƙarshe. Da ya dawo, darakta ya ba shi makulli ya ɗauke kayen, sannan daraktan ya kai ƙara don a samu abin faɗa wa masu bincike.

Da ake saka shi da darakta a mota, Issouf ya leƙo.

"Matirikil ɗina dai ba a taɓa shi sai an yi zaman ladabtarwa."

Rabi'u ya san gaskiya ya faɗa, ya san kuma zaman na iya cin shekaru. Ya juya ga Souwaiba.

"Kin fita, madam. Sunanki na nan."

Ta gyaɗa kai kawai.

"Gobe wa zai riƙe yaransa?"

"Wadda ta riƙe su jiya," ta ce, ta sunkuya ta shige runfar.