Layin da Halliru Bai Saka Ba

"Mai rediyo, me kake ji?"

Halliru ya manna waya a kunnen hagu, wata na'urar saurare a kunnen dama. Yana tsugune cikin gonar dawa, a kan wani tudu da ke kallon hanyar Darki. Ranar Juma'a ce, la'asar ta yi, kasuwar shanu ta Wudil ta fara watsewa.

"Motar 'yan sanda tana bakin gada, Oga. Cewa suke yi tayarsu ta sace. Hanya taku ce."

"Shi ke nan. Kar ka motsa daga nan!" Maikano, ogan nasu, ya kashe waya.

Halliru mai gyaran rediyo ne. Bai taɓa riƙe bindiga ba. Tun da wayoyi suka cika gari, sai ya wuni a shagonsa ba wanda ya leƙo. A irin wannan zaman ne ƙaninsa Saifuddeen, wanda shi ya raine shi tun rasuwar mahaifinsu, ya shigo masa da wata baƙar aba mai doguwar eriya, naɗe cikin tsumma.

"Yaya, oba-oba ce, irin wadda 'yan sanda ke magana da ita, na tsinta a gwanjo. Za ta tashi?"

Halliru ya juya ta, ya hure ƙura. "Wannan ba oba-oba ba ce, sikana ce. Ji kawai take yi, ba ta magana." Ya kankare tsatsar gidan batir, ya saka sababbi. Ta ɗauka da shuuu. "Ka ga wannan mamurɗin? Ka juya shi a hankali har ƙarar ta ɗauke, ka tsaya daidai nan. In ka wuce, masu nisa ba za su shigo ba. Sai ka danna MAN, ka zaɓi gurbi, ka danna PGM, ka rubuta lambar mitar da ɗigonta, ka danna E. Ta zauna ke nan."

"In ba ka san lambar ba fa?"

"Sai ka sa ta lalube. Ta yi ta bin mita, duk inda ta ji murya ta tsaya. Amma tsohuwa ce. In batir ya mutu, duk abin da ka koya mata sai ta manta."

Suna cikin haka na'urar ta tsaya cak. Muryar wani ɗan sanda ta cika shagon, yana kiran abokin aikinsa. Sababbin na'urorinsu ba ta kama su, amma tsofaffin da ake sintiri da su a hanyoyin ƙauye, tas take jin su. Saifuddeen ya yi murmushi. Washegari ya dawo tare da Maikano, wani dogo mai tabo a haɓa, wanda ba ya zama in ya shiga wuri.

"Ba wanda za a taɓa," in ji Maikano. "Fatake ne, a tsorata su, su miƙo. Kai naka saurare."

Halliru ya ƙi. Saifuddeen ya kama hannunsa. "Yaya, ina wurin. Kana ganin zan kai ka inda za ka cutu?"

Wannan maganar ce ta kawo shi gonar dawa.

Can ƙasa, farar motar fatake ta ɓullo. Halliru ya san direban, Haladu, wanda ya sha kawo masa rediyon mota gyara. Babura biyu suka fito daga ciyawa suka tare hanya. Birki ya yi ƙara!

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Fatake suka zubo suna salati. Wani dattijo ya faɗi, rawaninsa ya warware. Haladu ya fito hannu sama, sai ya tsaya yana duban ɗaya daga cikin masu rufaffiyar fuska.

"Kai! Ba kai ne ƙanin..."

Tau! Tau!

Haladu ya sulale jikin ƙofar motarsa. Halliru ya toshe baki da hannu. An ce ba wanda za a taɓa!

Babura suka tashi. Ɗaya ya ratso gonar, yana karya karan dawa. Saifuddeen ne. Ya jefo masa wata baƙar jaka ba tare da ya sauka ba.

"Riƙe wannan, rabonka ne. Kar ka buɗe, kar ka tashi. Yanzu zan dawo in ɗauke ka."

"Wa ya yi harbin? Saifuddeen, wa ya harbe shi?"

Babur ya riga ya ɓace cikin dawa.

Sai na'urar ta yi ɗif. Batir ya ƙare. Halliru ya zaro na ajiya daga aljihu, ɗaya ya faɗi cikin kunya, ya lalubo shi. Ya kunna. Gurabun duka fanko, ta manta komai. Lambobin kuma sun tsere daga kansa. Ba dabara, ya sa ta lalube.

Lambobi suka yi ta gudu a ɗan gilashin. Shuuu. Wani mai gadin kamfani yana neman a kawo masa ruwa. Ta wuce. Shuuu. Sai ta tsaya a wani layi da bai taɓa sakawa ba, layin da ba wanda ya gaya masa akwai shi.

"...ka ba shi jakar?" Muryar Maikano ce, cikin oba-obarsu.

"Na ba shi, Oga." Saifuddeen.

"Ka kira 'yan sandan?"

"Na kira da sabon layi. Na ce shugaban 'yan fashin yana kan tudu cikin gonar dawa, da bindiga, da na'urar da yake ba da umarni da ita. Duk za su kwasa can. Mu mu bi ta Utai mu tsallake kogi."

"Ba zai tashi ba?"

"Yaya? In na ce ya jira, ko gobe ne yana nan." Ya ƙyalƙyale da dariya.

Halliru ya matse na'urar a bakinsa. "Saifuddeen! Ni ne! Ina jin ka!" Ya danna wannan, ya danna wancan, yana ihu cikin abin da ya fi kowa sanin ba ya kai magana ko'ina. Ya yar da ita, ya ja zif ɗin jakar. Bindiga ce, bakinta da sauran ɗumi, da wayar Haladu, da tsummokaran da aka cusa don ta yi kauri.

Jiniya! Daga gabas, daga yamma. Ya miƙe ya zura da gudu, ganyen dawa na yankar fuskarsa.

"Ga shi can! Tsaya ko mu harba!"

Tau!

Ƙafarsa ta dama ta karye ƙarƙashinsa. Ya kife. Takalma suka kewaye shi, wani ya taka masa wuya. Sufeto Nuhu, mai jagorantar sintirin, ya ɗauko jakar da na'urar ya tsuguna kusa da kansa.

"Kai ne ogan nasu?"

Halliru ya tofar da ƙasa. Ya tuna ƙaninsa, yaron da ya sha goyawa zuwa makarantar allo. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ja eriyar nan har ƙarshe. Danna MAN, kar ta bar layin da take kai. Ka saurara."

Sufeto ya ja eriya. Muryar Maikano ta fito tar, yana zagin mai kwalekwale da bai iso ba.

"Bakin kogi, ta Utai!" Sufeto ya daka tsawa. "Ku tashi mota!"

Kafin rana ta faɗi an gama. Maikano ya ƙi ajiye bindiga, aka harbe shi har lahira a kan yashi. Yaransa biyu suka faɗa ruwa, ɗaya bai fito ba. Saifuddeen an zaƙulo shi daga cikin ciyawar bakin ruwa, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Haladu kuwa ya cika tun kafin a kai shi asibiti, ya bar mata da 'ya'ya ƙanana. Ƙafar Halliru likitoci suka yanke ta daga gwiwa. Mahaifiyarsu da ta ji labari ta kwanta, tun daga nan bakinta bai ƙara daidaita ba.

Ranar da za a kai su kotu, ankwa ɗaya aka ɗaura musu a bayan mota. Saifuddeen ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya daɗe yana kallon wandon yayansa da aka naɗe a gwiwa.

"Yaya, wallahi Maikano ne ya tilasta ni. Bindiga ya ɗora mini a ka. Ka yarda da ni."

Halliru bai juyo ba. Idonsa na kan hanya ta 'yar tagar ƙarfen, suna wuce ƙofar shagonsa da ke garƙame.

"Na ji ka a na'ura ranar nan," ya ce. "Dariya kake yi."