Majami'ar Dutse ta Gindin Gawo

Kaneng ba ta je kasuwar Abu Hamour da ke Doha neman faɗa ba, attaruhu ta je saya. Lokacin korona ne, kowa da takunkumi a fuska, ita kuma ta taso daga aikin asibiti ƙafafunta na zugi. Tana cikin zaɓe sai ta ji Hausar Jos a bayanta, wani yana waya da ƙarfi kamar yana gonar ubansa.

"Auta, ku rushe ta kawai. Ginin da awaki ke kwana a ciki? A kwashe duwatsun a yi wa sabon coci katanga, khalas, shi ke nan. Mutanen Gindin Gawo da son tsohon abu."

Ta juyo. Dogo ne cikin shuɗiyar rigar aiki, ba ta ganin komai sai idanu da goshi mai gumi.

"Malam, wace majami'a za a rushe?"

Ya sauke wayar. "Sannu 'yar'uwa. Ashe ke ta gida ce?"

"Tambaya na yi."

"Tsohuwar nan ta dutse, a Gindin Gawo. Kin san garin?"

"Kakana ya ɗauko duwatsunta a ka daga kan tudu. A cikinta aka ɗaura auren iyayena. Kai kuma kana Doha, da tumatir a hannu, kana ba da umurnin rushewa."

Ya dubi ledarsa. "Albasa ce," ya ce a hankali.

Haushi ya ƙara kama ta. Sunansa Jethro, yana aikin na'urorin sanyaya iska a ɗaya daga cikin filayen ƙwallon da ake ginawa, yana zaune a unguwar Al Wukair. Iyayensa sun bar ƙauyen zuwa Bukuru tun yana ƙarami, Auta kuwa ɗan kawunsa ne, magini. Ya nemi lambarta wai don ya ƙara fahimta. Ta ba shi, ta gaya wa kanta don ta ƙarasa wanke shi ne.

Ta kuwa wanke shi. Ta bayyana masa abin da ya daɗe a ranta: tunda ikilisiya ta koma sabon gini, a gyara tsohon ya zama zauren jama'a. Mata su riƙa kawo jarirai awo ba sai sun bi mashin zuwa gari ba, yara su samu wurin karatu, a yi taro ba a gindin bishiya ba.

Amsarsa ta zo kafin ta ajiye wayar.

"Na tuba, ranki ya daɗe. Amma a sa talabijin. In ba ƙwallo, samari ba za su ɗauki ko tsakuwa ba."

"Ina maganar jarirai, kana maganar ƙwallo."

"Jariran ma za su girma, Shugaba."

Tun daga nan sunan ya bi ta. Ita kuma ta sa masa Mai Sanyi, don duk yadda ta hau sama sai ya amsa mata da murya a kwance, abin da ke ƙara tunzura ta. Suka buɗe guruf a WhatsApp, 'yan Gindin Gawo na gida da na waje, har da Fasto da dattawa, aka naɗa ta shugaba. Gloria, abokiyar aikinta wadda suke ɗaki ɗaya a unguwar Mansura, ta ce, "Ban taɓa ganin mutum yana tsaki yana murmushi lokaci guda ba sai ke."

Babban cikas kuwa a gidansu yake. Mahaifinta, Baba Davou, dattijon ikilisiya ne. Bai yarda a rushe ba, bai kuma yarda a gyara ba.

"A sa mata kwaɗo a bar ta," ya ce a waya. "Inda na tsaya da uwarki, nan za a riƙa ihun an ci gol?"

"Baba, rufin ya ɓule. Damina biyu nan gaba bango zai faɗi."

"Ya faɗi da mutuncinsa."

Ta ajiye wayar. Tun rasuwar mahaifiyarta ba ya bin hanyar majami'ar ma.

Akwai kuma Henry, ɗan aminin Baba, mai aikin haɗa magunguna a nan Doha, da mota da turare mai tsada. Duk abin da Baba ya rubuta a guruf, shi ne na farko da zai ce, "Gaskiya ne, Baba." Ranar hutunta yakan kira ya ce zai kai ta bakin teku, ita kuma kullum sai ta tuna tana da wanki.

Wata ranar Talata da rana tsaka, tana hutun cin abinci, wayarta ta dinga ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ta buɗe guruf ɗin gyaran majami'a, ta ga saƙon Jethro.

"Shugabata, tun safe ina cikin sanyi amma zuciyata zafi take yi. Na ƙosa cutar nan ta wuce in ga murmushinki ba ta waya ba. Ki ci abinci, kin ji? Naki, Mai Sanyi."

A ƙasa Fasto ya rubuta, "Amin." Da alama bai karanta ba. Auta ya jera fuskokin dariya. Sai na Baba Davou:

"Wane ne Mai Sanyi?"

Kaneng ta kifa kanta a kan tebur. Jethro ya goge saƙon, amma bayan gari duka ya gani. Da yamma Baba ya kira.

"Yaron da ya ce a rushe, shi ne? Yaron talabijin? Wanda bai san ƙofar gidana ba amma ya san zuciyarsa na zafi a gaban Fasto? Ban yarda ba. Ga Henry, yaro mai ladabi."

Ta kira Jethro ta zazzage masa kwandon faɗa. "Mutum ya iya sanyaya filin ƙwallo guda, amma bai iya duba inda yake tura saƙo ba." Ya ba ta haƙuri, muryarsa a dishe. Ta kashe wayar.

Daga nan shiru. Ba saƙo, ba kira, a guruf ma ba a ganinsa. Da farko ta ce gara haka. Da aka shiga mako na biyu sai ta tura masa: "In tsoron Baba ya kore ka, ka faɗa." Bai buɗe ba. Henry ya samu ƙofa, ya ce mata irin waɗannan samarin da zarar sun ga dattijo ya tsaya sai su zame. Ta yi kuka a banɗakin asibiti, tana jin haushin kanta da take kuka.

Gloria ce ta dawo da labari. An tura ta aiki wurin killace masu korona, ta ce, "Mutuminki yana can. Har iskar numfashi aka sa masa, yanzu dai ya fara tashi zaune. Ya roƙe ni kada in gaya miki, na ce masa ban iya ba."

Kaneng ta kira shi a bidiyo ta wayar Gloria. Da fuskarsa ta fito, ya rame, idanu sun faɗa, sai duk maganar da ta shirya ta watse.

"Ni nas ce, Jethro. Nas. Ka kwanta ciwo ka ɓoye wa nas?"

"Aiki ya yi miki yawa, ga kuma abin da na jawo miki."

"Wa ya ce ka yanke mini hukunci? Da ka mutu fa, da wa zan yi faɗa?"

Ya yi dariya har tari ya kama shi. "Kenan kina so na, Shugaba?"

"Sha maganinka."

Sannan ta ce, "Ina son ka. Kada ka tura wannan a guruf."

Da korona ta lafa aka buɗe hanyoyi ya samu hutu, bai tsaya Bukuru ba sai da ya kai Gindin Gawo. Ya je ya durƙusa gaban Baba Davou ya nemi gafara. Baba ya amsa gaisuwa, bai ƙara komai ba. Majalisar coci ta riga ta amince da gyaran, don haka Jethro da Auta da samarin gari suka kori awaki, suka kwashe kashinsu, suka fara sauke ruɓaɓɓen kwano.

Kowace safiya Baba yakan zo da sandarsa, wai don ya ga ɓarnar da ake yi. Saƙonnin Jethro suka riƙa iso wa Kaneng a Doha.

"Baba ya ce na riƙe guduma kamar cokali."

"Baba ya ce talabijin ba zai hau bangon gaba na bagade ba. Na ce a sa a bangon baya, ya ce to mutane su juya wa bagade baya? Yanzu muna kan bangon gefe. Ki yi mana addu'a."

Ta amsa, "Ku biyun duk ɗaya ne. Na gaji da ku."

Henry, da ya ga ana neman wuce shi, sai ya aiko da mota cike da tayil mai sheƙi, ya rubuta a guruf cewa a rufe tsofaffin duwatsun nan masu muni, wurin ya yi kyau kamar banki. Baba ya karanta a tsaye a bakin ginin. Auta ya ce Baba ya daɗe yana shafa wani dutse kusa da ƙofa, wanda mahaifinsa ya sassaƙa. Sannan ya sa aka mayar da motar yadda ta zo, ya cire babbar rigarsa ya rataye a bishiya, ya ce wa Jethro, "Matsa. Ba haka ake zaunar da dutse ba."

Jethro ya koma Doha, aikin ya ci gaba a hannun Baba, wanda yanzu ba wanda ya isa ya sa ƙusa bai sani ba. Ya keɓe wurin bagade da ƙaramin shinge na katako. Aka sa sola, aka kawo ma'aunin jarirai da bencina. Maganar aure kuwa ko sau ɗaya bai ɗaga ba, in Kaneng ta ɗauko sai ya koma zancen tagogi.

Gasar cin kofin duniya ta zo, Doha ta cika maƙil, jirgin Metro ba wurin sa ƙafa. Kaneng tana ɗakin jinya na 'yan kallo, Jethro yana ƙarƙashin fili da injinansa, yana jin ihun jama'a ba ya ganin wasa. Ranar da Maroko ta kai wasan kusa da ƙarshe, Auta ya turo bidiyo. Zauren ya cika har tagogi, mata da goyo a baya. A bencin gaba ga Baba Davou a tsaye, sanda a sama, yana yi wa alƙalin wasa faɗa.

Ta kira shi washegari. "Baba, na ga an yi ihu a wurin."

"Da addu'a muka buɗe," ya ce da sauri. Ya yi gyaran murya. "Jiya da safe an auna jarirai. Uwarki da ta so haka. Ki gaya wa mai sanyin nan ya turo iyayensa, kuma da ƙafa za su zo, ba ta guruf ba."

Ta tura wa Jethro: "Baba ya yarda. Yalla, maza kira Bukuru."

"Da gaske, Shugabata? Na zauna a ƙasa. Injiniyanmu yana tambaya ko suma na yi."

Bayan Kirsimeti suka koma gida, aka ɗaura aure a sabon coci, aka taka da waƙa zuwa tsohuwar majami'ar don liyafa. Kaneng ta shiga cikin farar riga, ta ga duwatsun a wanke, ta ga sabon rufi, hawaye ya zubo mata. Jethro ya sunkuyo. "Amarya, kwalliyarki za ta ɓaci."

"Ka bar ni in yi kukana, don Allah."

Baba Davou ya sa su durƙusa a gaban shingen bagade, daidai inda shi ma ya taɓa tsayawa. Ya ɗora hannu a kansu.

"Ubangiji ya sa muku albarka. Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da ku. In kun yi faɗa, kada rana ta faɗi ba ku shirya ba. Kai Jethro, ga 'yata, na san halinta, Allah ya ƙara maka haƙuri. Ke Kaneng, ga mijinki, ki riƙe shi da kyau."

Zauren duka ya amsa da amin. Jethro ya matse hannunta, ita kuma wannan karon ba faɗa, ta matse nasa.