Cigiya a Manhajar Kamfani

Ku matso kusa. Ladidi, rage muryarki. Wannan ba tatsuniya ba ce, daga bakin Nafi'u na ji shi, wanda muka yi aiki tare a kamfanin casar shinkafa.

Nafi'u shi ke kula da sito. Wata shekara kamfani ya kawo manhajar da ake kira ERP, mai haɗa sito da saye da sayarwa da albashi wuri guda. Aka ce duk wanda bai iya ta ba, ya nemi wani aikin. Nafi'u ya manyanta, ga iyali. Karatun ya ƙi shiga.

Sai ya riƙa tsayawa a ɗakin horo bayan an tashi, shi kaɗai.

Ran nan, gab da magariba, ya ji sallama. Wata mata ce zaune a kujerar gefensa, ta yi lulluɓi. Bai ji motsin ƙofa ba.

"Malam, ba nan ake farawa ba," in ji ta. "Fara shigar da kayan da suka iso. Kana shigarwa, sashen kuɗi ya sani, masu sayarwa sun sani. Aiki ɗaya ne."

Tana gefensa, amma muryar daga bayansa take fitowa.

Gabansa ya faɗi. Amma tsoron kora ya fi ƙarfi, ya zauna. Kullum ta zo, kullum ta koya masa: odar saye, karɓar kaya, fitar da kaya. Ba ta taɓa kai hannu kan kwamfutar ba.

Ana gobe jarrabawa, ta ce, "Na yi maka naka, saura nawa. Ka nemo mini ɗana."

"Hajiya, ɗanki kuma?"

"Tsamiya ce a nan kafin a gina siton. Gidanmu ke nan. Ranar da aka sare ta, na gudu gabas, shi ya gudu yamma. Ban sake ganinsa ba. Na ji mai koya muku ya ce babu abin da ke ɓata a cikin wannan abu. Shi ya sa na zauna ina saurare har na iya. Hannun taɓa shi ne ba ni da shi."

Ta faɗi sunan. Nafi'u ya rubuta. Allon ya nuna ba a samu ba.

"Sake."

Ya sake. Ya duba sito, ya duba ma'aikata, ya duba masu kawo kaya. Babu.

"Hajiya," ya ce a hankali, "abin da aka shigar kawai manhajar ta sani."



"Ashe ba wanda ya shigar da mu," ta ce.

Sai kuka, siriri, daga kowace kusurwa ta ɗakin. Da ya waiga, kujerar babu kowa.

Nafi'u ya ci jarrabawa. Har yau yana aikinsa, shi ma yake koya wa sababbi. Amma da ya zo ba ni labarin, hawaye yake yi. Ya ce da ya sani, da ya ce mata na'urar ce ta lalace, su sake gwadawa gobe.

To ku ji ni. Duk wanda aiki ya kai shi can, kada ya zauna a ɗakin nan shi kaɗai da magariba. Masu gadi sun ce har yanzu tana zagaya sito, tana kiran sunan. Ba ta cutar da kowa. Amma wanda ya ji kiran nan, ba ya ƙara yin dariya kamar da.