Magogi a Cikin Safa

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ake kira Auta. In dai surutu ne, ba ta da na biyu. Za ta ba ka labarin kyanwar gidansu har ka manta da abin da ya kawo ka. Amma da an ce ta ɗauki fensir, sai jikinta ya yi sanyi.

Ba wai ba ta iya rubutu ba ne. Tsoro take ji. Ta rubuta layi ɗaya, ta dube shi, ta ce bai yi ba, ta goge. Ta sake, ta goge. Littafinta duk ya yi dauɗa, kuma ba abin karantawa a ciki.

Malamar ajinsu tana da wani tsari. Duk ranar rubutu, sai ta zaga da tsohon gwangwanin madara.

"Kowa ya jefa magoginsa a nan," in ji ta. "Wanda ya yi kuskure ya ja layi ɗaya a kai, ya wuce. Ban da gogewa."

Wata Litinin Malama ta ce ajin zai haɗa littafi. Kowa zai rubuta shafi ɗaya a kan wani na gidansu, ya karanta ranar da iyaye za su zo makaranta. Ta nuna musu fararen takardu masu kauri.

"Ku talatin da biyu ne, takardun ma talatin da biyu ne. Ku fara gwadawa a littafinku. Sai kun gama ku kwafe a nan."

Auta ta koma gida da gudu, ta sami kakarta a kan tabarma tana matsa gwiwa.

"Kaka, a kanki zan yi rubutu!"

"Ni? To, Allah ya sa kar ki gaya wa duniya ba ni da haƙora."

"Ai gaskiya zan faɗa."

"Ja'ira! To, ko da rarrafe sai na zo na ji."

Auta ta yi dariya. Sai dai Kaka ta daɗe ba ta wuce ƙofar gida ba saboda ciwon gwiwa. In har za ta sha wannan wahala, dole rubutun ya fita tsaf, ba kuskure ko ɗaya.

Washegari ta cusa magoginta a cikin safa. Da gwangwani ya iso gabanta, ta ce, "Na manto shi a gida, Malama."

Ba ta gwada a littafi ba. Ba ta son ganin soke-soke. Da Malama ta raba takardun, kai tsaye ta hau farar takardarta. Ta rubuta, ta leƙa ko Malama na kallo, ta zaro magogi ta goge. Sau ɗaya, sau biyu, sau biyar, duk a wuri guda. A na shida sai ta ji "kyat!" Takarda ta huje.

Malama ta zo ta ɗaga takardar, ta leƙo Auta ta cikin hujin.

"Magogin da aka manto a gida ne ya yi wannan aiki?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ba ni da wata takardar, kin sani. Me kika rubuta a nan wurin?"

"Na manta, Malama."

"Kin gani? Hujin bai dame ni ba kamar maganar da ta ɓace."

Da aka tashi, Auta ba ta iya haɗa ido da Kaka ba. Sai ta wuce shagon babanta, wanda tela ne. Ta same shi ya shimfiɗa yadi a kan tebur, da ɗan guntun alli a hannu. Ta zauna a benci, ta gaya masa komai, har da ƙaryar da ta yi.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Matso ki ga wani abu. Layi nawa kika gani a wuyan rigar nan?"

"Uku."

"Na farko ya yi faɗi. Na biyu ya matse. Na uku ne daidai."

"To, me ya sa ba ka share biyun ba?"

"In na share, ta yaya zan san inda na kauce? Su ne suka nuna mini na ukun. Shekara ashirin ina ɗinki, Auta, har yau ban taɓa sa almakashi a layin farko ba."

Auta ta kalli layukan. Can ta zaro magogin daga safa ta miƙa masa. Baba ya jefa shi a gwangwanin maɓallai. Ta buɗe littafinta a kan cinya. Keken ɗinki yana ƙara, ita tana rubutu. In abu bai yi mata ba, ta ja layi ta wuce. Hannunta ya yi ta ƙaiƙayin gogewa, amma ta daure har ta cika shafi biyu.

Da safe ta je wurin Malama tun kafin a shiga aji.

"Malama, jiya ƙarya na yi. Ki yi haƙuri."

"Na haƙura. Mu ga abin da ke hannunki."

Malama ta karanta layukan da Auta ta bari: "Kakata tsohuwa ce mai kirki. Tana son mu ƙwarai." Ta gyaɗa kai kawai. Sai idonta ya kai kan wani layi da aka soke, ta fashe da dariya. Ga abin da ke wurin: "In Kaka za ta kira ni, sai ta kira sunan jikoki biyar kafin ta faɗo kan nawa. Wani lokaci har da sunan kyanwa."

"Me ya sa kika soke wannan?"

"Na ga kamar ba irin maganar littafi ba ce."

"Kowa a ajin nan zai ce kakarsa mai kirki ce. Amma wannan kakar taki ce ke kaɗai. Da kin goge fa?"

Auta ta zaro ido. Da ta goge, da shi ke nan.

Sabuwar takarda dai ba ta samu ba. Malama ta sa almakashi ta yanke inda ya huje, ta ba ta rabin da ya rage. Dole Auta ta zaɓi layi shida kawai. Shafinta ya zama mafi gajarta a duk littafin.

Ranar taro Kaka ta zo, tana dogara sanda, Baba yana riƙe da hannunta. Da aka kira Auta, ta fara karantawa ƙasa-ƙasa a tsorace. Da ta kai kan kyanwa, ɗakin ya kwashe da dariya, sai tsoron ya tafi. Ta ɗaga murya ta karanta layin ƙarshe: "Amma ko sunan wa ta kira, ni nake zuwa, don na san ni take nufi."

Kaka ta sa gefen mayafi ta share ido. Ta ɗaga hannu ta ce, "Ke, wance... a'a... kai! Ke dai zo nan!"

Auta ta ruga ta rungume ta.

Tun daga ranar Auta ta daina tsoron fensir. Ta gane cewa ba wanda yake rubuta abu mai kyau a karon farko. Ka rubuta abin da ka gani da idonka, kar ka ji kunyar kuskure, ka gyara daga baya. Magogin kuwa yana nan a cikin maɓallan Baba, ba wanda ya tambaye shi.