Ai Kin Ce Kin Ji

"Auta, dube ni nan. Ya kira ko bai kira ba?"

Yaya ne ya yi tambayar daga kan gadon asibiti, ƙafarsa ta dama a rataye cikin ƙarafa, rabin fuskarsa duk ƙwarzane. Umma na zaune a bakin gadon. 'Yan ƙungiyar tseren keke sun jeru jikin bango, kowa ya sunkuyar da kai. Shaho kuwa yana tsaye a bakin ƙofa, ya harɗe hannuwa, idonsa ƙur a kan Auta.

Su uku ne a jere jiya a kan gangaren hanyar tsere: Shaho a gaba, Yaya na bin sa, Auta na bin Yaya. Duk wanda ya taɓa tseren daji ya san hanyar siririya ce, na baya ba ya ganin komai sai tayar na gabansa. Shi ya sa tun ranar da Yaya ya tara abokansa ya kafa ƙungiyar, doka ɗaya ya sa: in kana gaba ka ga rami ko dutse, ka ɗaga murya ka kira, don da muryarka na baya yake gani.

"Auta, da ke ake magana," in ji Umma.

Ta dubi Shaho, mutumin da ake maganar aurensu, ta dubi ƙafar yayanta.

"Ya kira, Yaya... Na ji."

Wani a jikin bango ya sauke ajiyar zuciya. Yaya ya daɗe yana kallonta, irin kallon da ba ta taɓa gani a idonsa ba, sannan ya juya fuskarsa bango ya ce a kashe masa fitila.

Gaskiyar magana, Auta ba ta ji komai ba. Ƙarar tayoyi a kan tsakuwa kawai ta ji. Ta ga Shaho ya ɗan kauce hagu, ta ga tayar gaban Yaya ta nutse, ta ga yayanta a sama kamar an wurga buhu. Amma iska ake yi ranar, kuma da wannan iskar ta yi ta rarrashin kanta. Wataƙila ya kira, iska ta ɗauke. Ai yana yiwuwa.

Son Shaho ba jiya ya kama ta ba. Lokacin da ta shigo ƙungiyar ita ce kullum a ƙarshe, har Yaya ya laƙaba mata Wutsiya, yana tsokanarta wai kunkuru ya aiko a gaishe ta. Shaho ne yake rage gudu ya dawo, ya sa tafin hannunsa a bayanta ya tura ta har ƙarshen hawa, yana cewa, "Taka feda, zuciyata, saura kaɗan." Shi ya koya mata sakin birki a gangare. "Kar ki kalli ƙasa. Kalli tayata, ki saurari muryata." Ta saurara kuwa, har ta kai ba ta jin ta kowa.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne, a wannan tseren wata babbar ƙungiya ta turo wakili, mahayi ɗaya suke nema, da albashi da komai. Kowa ya san tsakanin Yaya da Shaho ne. Yaya ya tafi asibiti, Shaho ya ci tseren, aka ɗauke shi.

Umma ta ce sam.

"Yaron da ya nakasa min ɗa shi zan ɗauki 'ya in ba? Ina raye?"

"Umma, tsautsayi ne..."

"Rufe min baki. Ke har kina da idon kallona."

Tun rasuwar Abba maganar Yaya ce magana a gidan, don haka aka jira ya dawo. Ranar da aka sallamo shi ya zauna a falo, sandunan dogarawarsa jingine da kujera, ya saurari faɗan Umma har ta gaji. Sannan ya yi magana a hankali, ba tare da ya dubi inda Auta take ba.

"Umma, ta ce ta ji. Ƙanwata ba ta taɓa yi min ƙarya ba. A ba shi."

Da mari ya kwaɗa mata da ya fi mata sauƙi.

Aka sa rana. Gida ya cika da tela da ƙawaye da sababbin akwatuna, amarya kuwa sai rama take yi. Likita ya ce Yaya zai taka, amma da ɗingishi, keke kuma sai dai kallo. Nasa yana rataye a bangon tsakar gida, tayar gaba a lanƙwashe. Bai yi mata faɗa ba, bai daina amsa gaisuwarta ba. Duk jajibirin fitar ƙungiya sai ya ja kujera ya zauna gaban kekenta, ya goge sarƙa, ya sa mai, ya gwada birki, kamar yadda ya saba. Sunan Wutsiya ne kawai ya ɓace daga bakinsa. Ya koma "ke".

Sai ga Mai Hoto. 'Yar mai shagon da ke ba ƙungiyar kayan keke ce, ita ke ɗaukarsu hoto a wurin tsere, kuma ko makaho ya san a cikin hotuna goma takwas na Shaho ne. Auta ta je shagon sayen robar birki, ta tarar da ita a bayan kanta tana shafa waya.

"A'a, amaryarmu. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara. Kin san ina tsaye a lanƙwasar da yayanki ya faɗi ranar, da kyamarata?" Ta yi murmushi, ta miƙo robar. "Ni dai ban ji an kira komai ba. Amma fa kunnenki ya fi nawa, tunda kin ce kin ji."

"Me kike nufi?"

"Babu. Jiya ma na je gaishe da Umma, mun sha hira."

Auta ta fito daga shagon. Ta san abin da yarinyar nan take so: a fasa auren, ta ɗauka. Wannan ya ƙara mata taurin kai. Ta rantse a ranta ko duniya za ta taru, ba za ta miƙa wa wannan mai bakin gulmar Shaho a faranti ba. Ya kira. Iska ce.

Biki saura kwanaki, Shaho ya zo da sassafe cikin sabuwar rigar babbar ƙungiyarsa, keke na ƙyalli.

"Sanyin idona, kin rame. Taho mu sha iska, mu biyu kawai."

Yaya na zaune a tsakar gida. Shaho ya gaishe shi har da rusunawa, ya amsa, ya tura wa Auta kekenta da ya gama shafa wa mai.

Hanyar tseren suka bi. Hadari ya haɗo, iska na kaɗawa har ciyawa na kwanciya, ta ninka ta ranar tseren. Shaho na gaba, Auta na bin tayarsa yadda ya koya mata.

"Dutse, hagu!"

Ta kauce.

"Saiwa! Ɗaga gaba!"

Ta ɗaga.

"Yashi, rage!"

Kowace kalma tana zuwa mata tar, kamar a kunnenta yake faɗa. Muryar Shaho ce fa, wadda 'yan ƙungiya ke tsokana wai ba ta buƙatar lasifika. Iska na dukan fuskarta, tana cika mata hular kwano, amma ko harafi ɗaya ba ta ɗauke ba. Suka shiga dogon gangaren, suka doshi lanƙwasar.

"Rami, zuciyata! Bi hagu!"

Ta damƙe birki biyu har tayar baya ta ja ƙasa. Ta sauka. Ramin na nan, ruwa ya ƙara cin bakinsa.

Shaho ya juyo da keke ya dawo yana haki. "Lafiya? Faci kika yi?"

"Shaho... ka kira ranar?"

Murmushinsa ya tsaya a inda yake. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.

"Ai kin ce kin ji."

"Kai nake tambaya."

"Gaban Umma kika faɗa, gaban Yaya, gaban kowa. Me ya kawo wannan maganar ana saura kwanaki?"

"Yau iska ta fi ta ranar, kuma babu abin da ban ji ba. Ka dube ni ka ce ka kira. In ka faɗa zan yarda, wallahi zan yarda..."

Roƙonsa take yi. Da ya ce ya kira, da ta hau keke ta bi shi har ƙarshen rayuwarta. Amma ya kasa dubanta.

"Na buɗe baki," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na ga ramin, na buɗe baki... sai na rufe. Na zata faci kawai zai yi, ya ɓata lokaci in wuce. Wallahi ban zaci haka ba."

Ya matso zai kama hannunta, ta ja baya.

"Autata, saboda ke na yi. Da gyaran fanka zan riƙe ki? Yaya yana da aikinsa, ni wannan ce kaɗai damata."

"Kar ka ɗora min."

"Ai kin ɗauka da kanki." Muryarsa ta canza, ta yi tauri. "Ni shiru na yi na ƙiftawar ido. Ke kuwa baki kika buɗe kika faɗa. Mu biyu ne a ciki. Ki bar maganar nan a dajin nan, mu yi aurenmu."

Abin da ya fi ƙona mata rai, gaskiya ya faɗa. Kuma tun a asibiti ya san ƙarya take yi, ya tsaya a bakin ƙofa ya bar ta ta yi, bai taɓa ko tambayarta yadda take barci ba.

Ta zare zobensa, ta ɗora a kan sirdin sabon kekensa.

"Auta, za ki yi da-na-sani."

"Na riga na yi."

Ta juya kekenta ta hau. Yana ta kiran sunanta da muryar nan tasa, har ta yi nisa tana ji.

Ruwa ya tsuge kafin ta iso gida. Yaya na zaune a ƙarƙashin rumfa, ƙafar a miƙe kan ƙaramar kujera. Ta jingine keken, ta durƙusa a gabansa jiƙe sharkaf.

"Yaya... bai kira ba. Ban ji komai ba."

"Na sani. Ai ni na faɗa ramin."

"To me ya sa ka ce a ba shi?"

"Ina so in ga inda za ki tsaya." Ya dubi kekensa da ke rataye. "Shi na san abin da ya yi tun ina sama ban faɗo ba. Shi ya sa ban tambaye shi ba. Ke na tambaya."

"Ka yafe min, don Allah."

"Na yafe. Tashi ki canza kaya, kar zazzaɓi ya kama ki."

Ta jira ya ƙara ko da kalma ɗaya. Ya ɗauki tsumma ya jawo kekenta ya fara goge laka.

Aka mayar da akwatuna. Umma ta yi hamdala a fili, ƙawaye suka yi gulmarsu a ɓoye. Shekara ba ta zagayo ba Shaho ya auri Mai Hoto, hotunan bikin suka cika wayar kowa, har wata mai neman lada ta turo wa Auta.

Ƙungiyar ba ta mutu ba. Yaya na bin su a mota da ruwa da kayan faci, Auta ce a gaba yanzu. Tana kiran rami, tana kiran dutse, har tsakuwar da ba ta kai a kira ba, ta dawo gida murya a dishe. Yaran ƙungiyar na dariya wai ta cika tsoro.

Ranar da ta fara cin tsere ta nufo motar da gudu, laka har gira, tana dariya tana kuka. Ta tsaya a gabansa tana jiran ya ce ashe Wutsiya ta zama kai, ko kunkuru ya yi fiffike, ko dai wata tsokana irin ta da.

Yaya ya miƙo mata gorar ruwa.

"Sannu," ya ce. "Ke, kawo keken in duba birkin."