Teburin Da Ya Ƙi Juyawa

Auta na gugar mayafi a falo, Yaya Babba ya shigo yana kaɗa makullin mota. Tun rasuwar mahaifinsu, abin da ya faɗa shi ake yi a gidan.

"Ki gaya wa kafintan nan naki, Asabar da rana zan kai ku gidan abincin 'yan China, har da Mama. Ya kuskura ya kunyata mu, maganar aure ta mutu!"

"Haba Yaya! Aure ya zo nema ko intabiyu?"

"Na gama magana."

Ranar kuka ta wuni yi, don ta san saurayinta ko cokali mai yatsu bai dame shi ba.

Wurin kuwa ya rikita kowa: jajayen fitilu, kifaye na yawo cikin gilashi, ma'aikata sai rusunawa suke. Aka miƙo wa Mama ɗan tawul mai zafi.

"Ke Auta, na fuska ne ko na goge tebur?"

"Wallahi Mama ban sani ba."

Shayi ba sukari, ga wasu 'yan sanduna bibbiyu. Shi kansa Yaya mai cika bakin ya saba zuwa, hoto ya nuna a takardar jerin abinci, sai ga miya iri ɗaya har kwano uku. Ya maze.

Tsakiyar teburin faifan gilashi ne mai juyawa, a kansa aka jera kwanukan. Yaya ya yi ta wulwula shi yana zuba labarin ofis. Mama, da hannunta ke rawa tun ciwon bara, duk ta miƙa cokali sai kwanon ya wuce ta.

Can sai faifan ya cije. Yaya ya tura, ya ja, ko motsi. Auta ta dubi Kafinta, bai ci ko loma ba. Tsoro ne? Fushi ne? Ta rasa gane kansa.

"Wane irin wuri ne wannan, tebur ya lalace!" Yaya ya yi dariyar ƙeta. "Malam kafinta, ga aiki ya samu — duba mana!"

"Lafiyarsa ƙalau, Yaya. Ni na danne shi da yatsa."

"Kai? Don me?"

"Tun da muka zauna Mama ba ta sa komai a baki ba. In ta gama zubawa zan saki."

Yaya ya kalli farantin mahaifiyarsa, fari tas. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya tashi ya karɓi cokalin, ya zuba mata da kansa, Mama na share hawaye da ɗan tawul ɗin.

Da ƙyar ya ce, "Ni ta haifa, amma kai ka gan ta. Ka turo magabatanka."

Auta ta sunkuyar da kai, murna kamar ta yi ihu. Haƙurinta bai faɗi ƙasa ba. 'Yan'uwa, in za ku auna mai neman 'yarku, ku bar kallon yadda yake riƙe cokali, ku dubi wanda idonsa ke kan mai rauni a cikinku.